Yunwa, Ƙoshi da Kwaɗayi: Gurbin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Wanda ya taɓa zama a Augie lokacin yankan shinkafar fadama ya san yadda ake cin cimaka a bakin Gulbin Rima. Ɗan ƙodago yakan tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa, ya kora da hura, amma jikinsa kamar sillen kara. Wani kuwa yana zaune a rumfar kasuwa, cinsa bai kai rabin wancan ba, ga tumbi ya yi gaba. Na farko mukan yaba masa da ƙarfi, na biyu mu kira shi acici. Ra'ayina shi ne wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma harshenmu yana da hannu a cikinsa.

Bahaushe bai yi rowar kalmomi a wannan fage ba. Akwai yunwa da ƙoshi, akwai marmari da kwaɗayi, akwai haɗama da zari da ci-ma-zaune. Sai dai in aka lura, yunwa da ƙoshi da marmari ne kawai ke bayyana halin da jiki yake ciki; sauran duk tuhuma ce ga ɗabi'ar mutum. Karin maganar nan ta "kwaɗayi mabuɗin wahala" gaskiya ce a fagen tarbiyya, amma ba ta faɗa mana daga ina kwaɗayin yake tasowa ba.

Kimiyya ta ba da wani ɓangare na amsar. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano leftin, wani sinadari da kitse yake saki cikin jini domin sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da jiki yake da ita. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano girelin, wanda tumbi yake fitarwa idan ya zama wayam. Shi yakan hau kafin cin abinci, ya sauka bayansa. Saƙonnin biyu suna isa wani ɗan ƙaramin sashe a gindin ƙwaƙwalwa, haifotalamas, inda ake yanke shawarar a ci ko a dakata, tun kafin mutum ya san ya yi niyya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito daga Cambridge a 1997, inda aka bayyana wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda aka haifa jikinsu ba ya samar da leftin. Ci suke yi ba ƙaƙƙautawa, ƙiba ta yi musu katutu. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, sai cin ya lafa, nauyin ya ragu. Da a garinmu aka haife su, da tuni an yi musu laƙabi, an kuma zargi uwarsu da sakaci. Lalurar tasu ba kasafai ake samunta ba, kuma ba ina cewa duk mai ƙiba haka yake ba. Irin abinci da yawan motsa jiki suna da nasu rabo. Amma ta nuna cewa ƙoshi saƙo ne da yake iya ɓata a hanya.

Abin ya wuce muhawarar masana, domin akwai rayuka a ciki. A ƙasar Hausa cikar jiki ado ne ga amarya, shi ya sa wasu 'yan mata ke neman ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Daga cikin abin da ake sha da wannan manufa akwai dexamethasone, mai kwaikwayon sinadarin kotizol na jiki. Yana buɗe ciki, yana tara ruwa da kitse a fuska da tumbi, yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, kuma barinsa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari. Ma'aikaciyar asibiti da za ta yi wa budurwa a Augie wannan bayani, da wace kalma za ta yi? In ta ce "sinadari", sunan ya haɗa har da gishirin miya da takin zamani.

Nan ne aikin ya faɗo kanmu. Ƙamusun Bargery na 1934 ya riga waɗannan bincike da shekaru sittin, ba za mu nemi amsar a can ba. Ana iya aron "homon" yadda muka ari "asibiti", amma aro ba ya bayyana aiki. Na so in ce "manzon jiki", sai na tuna nauyin da kalmar manzo take da shi a kunnen Musulmi. Don haka nake ba da shawarar "jakadan jini": girelin jakadan yunwa, leftin jakadan ajiya. Kafin a shigar da ita kowane ƙamus, a fara gwada ta a bakin ungozomomi da masu kemis na Augie da Argungu, a ji ko za ta zauna.