Ƙwayar Haƙori Ma Tana Tsufa: Martani Ga Dillalan Ƙuruciya

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wani sabon fatauci ya shigo mana. Daga ofisoshin Dutse har rumfunan kasuwar Shuwarin a ƙasar Kiyawa, ana tallan garin magani cikin 'yar leda, wai yana ɗauke da ƙwayoyin tushe, watau ƙwayoyin jiki masu haifar da wasu iri-iri, wai yana mai da tsoho yaro. Abin takaici, dillalan nan 'yan boko ne irinmu, masu albashin gwamnati.

To, bari mu duba abin da ilmi ya tabbatar. A 2000 Stan Gronthos da Songtao Shi suka gano irin waɗannan ƙwayoyi cikin ɓargon haƙorin mutum a Amurka, a 2003 kuma aka same su cikin haƙoran da yara ke zubarwa lokacin famfara. Lalle abin murna ne, domin suna iya yin sinadarin jikin haƙori da ƙashi. Amma haƙori ɗaya kaɗan yake bayarwa, saboda haka tilas a rene su cikin faranti, a ɗumin jiki na digiri 37, a riƙa raba su suna yaɗuwa. A nan gizo ke saƙa. Tun 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka nuna cewa ƙwayar mutum lafiyayya takan rabu kamar sau 50 ne, sa'an nan ta tsaya cik. Duk rabuwa ɗaya tana gutsure bakin zaren gado da ke cikinta. Ƙwayar haƙori ba ta tsira daga wannan hukunci ba: in renon ya yi nisa sai ta baje, ta yi nawar rabuwa, ƙarfinta na yin ƙashi ya ragu. Ga ta da rai, amma ta ajiye aiki. Shi ya sa masu ajiya ke daskarar da ita tun da wuri a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Shin in ƙwaya mai rai, wadda masana ke yi wa hidima dare da rana, ba ta hana kanta tsufa ba, ina busasshen garin da ya sha ranar bazara, zai kuma bi ta cikin tumbi? Mu dai muna kiran wannan sana'a da sunanta: cin dukiyar talakawa.

Kuma ciwon bakin da ke kashe 'ya'yanmu ba ya bukatar wannan almara. Cutar noma, mai farawa daga dasashi ta cinye fuskar yaro, rashin abinci ne ke share mata hanya. Tun 1999 aka buɗe mata asibiti a Sakkwato, Nijeriya ce kuma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. In an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki na tare ta.

Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta hana wannan talla a ɗakunan kwananmu, ta kuma tura ɗaliban likita Andaza da Katanga da Balago a hutu mai zuwa, su koya wa iyaye mata duba dasashin yara.