Gurbin jami'a: asalin kaka za a duba ko makarantar da yaro ya yi?

Wannan makon maganar gurbin karatu za mu taɓa.

Guraben jami'o'in tarayya irin su Bayero da ABU Zariya kashi uku ake raba su: 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka ce an bari a baya a ilimi, Kano na cikinsu. Kashi biyun ƙarshe jihar asali ake dubawa, kuma shaidarta ita ce takardar ƙaramar hukuma.

To a nan gizo ke saƙa. A ƙauyukanmu na Kunci, Makoɗa, Tsanyawa da Ɗambatta akwai gidajen da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Maraɗi da Damagaram lokacin farin 1973 da na 1984. Sun yi ƙwadago, sun ari gona, daga baya suka saya. Jikokinsu nan aka yanke musu cibiya, aji ɗaya muka zauna da su a ƙasa. Amma ranar neman takarda, kafin mai unguwa da dagaci su sa hannu, sai an tono daga ina uba ya zo. Sashe na 25 na tsarin mulki bai ɗauki haihuwa a Najeriya kaɗai a matsayin hujja ba, sai ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ɗan ƙasa ne. Ko wanda uwarsa 'yar gari ce yakan sha wuya, don a al'ada takardar asali uba take bi. Wani ya ɓoye asalinsa, wani ya bi ta bayan fage, mai kunya kuwa ya haƙura ya koma gona.

Mu masu takardar ma kada mu yi saurin murna. Ɗan babban sakatare da ke Nasarawa a cikin birni, wanda ya yi makarantar kuɗi, shi ma "ɗan jihar da aka bari a baya" ne. Kashi 20 ɗin nan tare yake cin sa da yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar JAMB, jarrabawar da tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Wa kuke zaton zai cinye?

Su ma Amurkawa sun yi wannan rigimar. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolinsu ta hana Harvard duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ta bar wa ɗalibi damar bayyana yadda abin ya shafi rayuwarsa. Abin da ya fi burge mu shi ne dokar jihar Texas ta 1997: duk wanda ya fito cikin kashi goma na sama a sakandarensa, ko ta ƙauye ce, yana da gurbi a jami'ar jiha.

Irin wannan muke so a gwada. A duba sakandaren da yaro ya gama da matsayinsa a cikinta, a bar tonon asalin kakansa. Ba sai an jira Abuja ba. Jami'o'in jiha biyu, ta Wudil da ta cikin birni, za su iya ware gurabe ga zakarun kowace sakandaren gwamnati ta karkara, kuma majalisar dokokin Kano na da ikon yin wannan doka. Kowannenmu ya san ɗan majalisar mazaɓarsa.