Siminti ya sauka, kuɗin haya yana nan

A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, tan ɗaya ya dawo jika 55 a Yamai. Shekara da shekaru, in mai gida zai ƙara kuɗin haya, siminti yake kawowa hujja. To, jama'a, wa ya ji an ƙwanƙwasa masa ƙofa an ce an rage masa ko dala ɗari?

A ganinmu, abin da ke tsadar ɗaki shi ne wurin da yake. Ɗakin da ke kusa da Katako ko Babbar Kasuwa, mai pampo da wutar NIGELEC, ko na laka ne, ba a yi masa ciniki. Mai tuyar ƙosai da ke hura wuta tun asuba ta san dalili: in ta koma bayan gari don sauƙin haya, abin da ta rage sai ya tafi ga taksi da ƴan garuwa, ga laka da damina. Gara ta matsu da ƴaƴanta cikin ɗaki ɗaya.

Ga kuma yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, kuma tun daga nan ana ta shigowa: ƴan ci-rani, ɗalibai, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Tillaberi. Ambaliyar 2024 ta rushe dubban gidaje, Maraɗi da Damagaram sun sha wuya ƙwarai. Wanda jiya yake cikin gidansa, yau shi ma yana bin dillali. Masu kuɗi kuwa manyan gidaje suke ginawa, alhali ciki da falo talaka yake nema.

Dillalin ma ba kyauta yake ba. Sai an biya shi kuɗin zuwa ganin ɗaki, a ba shi ladansa, mai gida kuma ya ce a zube na wata uku. Jarin ƴar kasuwa ya ƙare ke nan tun ba ta shimfiɗa tabarma ba.

Ba mu ce mai gida ya yi asara ba, da guminsa ya gina. Kiranmu ga magadan gari ne: kada a ƙara yanka filaye a sayar ba hanya, ba ruwa, ba wuta. Unguwar da mota ke shiga da damina ita za ta rage cunkoson tsakiyar gari. Ku kuma ƴan haya, kada ku ba da ko dala sai da takarda da shaidu, a rubuta kuɗin wata da ranar da za a iya ƙara shi.