Shirun kunya ba ya dawo da kuɗin malami

Albashin malami a wannan yanki namu na Isa da Sabon Birni ba ya kai ƙarshen wata, gona kuma ta gagari da yawa saboda halin da daji ke ciki. Shi ya sa duk wanda ya zo da labarin kamfanin da ke ninka kuɗi yakan sami masu saurare a ɗakin malamai. Wani ya zuba kwasar adashinsa, wani ya ci bashin ƙungiyar gama kai, wata ta sayar da tunkiyarta. Ranar da biya ya tsaya sai kowa ya haɗiye, don kada a ce mai koyar da lissafi ne aka yi wa wayo. Mu a ganinmu wannan shirun ya fi asarar farko tsada, domin doka tana da ƙofofi, amma saurin rufewa suke yi.

Abin da ya faru a Kano ya ishe mu misali. A watan Fabrairun 2019 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta Ƙasa, wato SEC, ta garƙame ofishin wani kamfani mai suna Dantata Success and Profitable Company, saboda yana karɓar jarin jama'a ba tare da rajistarta ba, yana kuma alkawarin riba mai tsoka cikin ɗan lokaci. An rufe asusun kamfanin, aka naɗa masu kula da abin da ya rage. A 2020 aka kira mutum fiye da 4,000 da ba a biya ba su zo a tantance su. Abin da aka nema a wurinsu shi ne shaidar biya da katin shaida. Wanda ya miƙa tsabar kuɗi ga wani dillali bisa amana, babu rasit, babu takardar banki, da me zai tsaya a wannan layi?

Don haka aikin farko na gida ne: a adana rasit, da saƙon banki, da takardar POS komai ƙanƙantarta, da hirar WhatsApp, da lambar asusun da kuɗin ya faɗa. A daina ƙara ko kwabo. Da dandalin CBEX ya durƙushe a Afrilun 2025, bayan alkawarin ninka jari cikin kwana 30, an ce wa mutane su sake biyan wani kuɗi kafin a sako musu nasu, wasu kuwa suka biya.

Daga nan sai ƙorafi a rubuce. SEC na da ofishi a Kano, kuma a shafinta na intanet ana iya duba ko kamfani na da izinin karɓar jari. Takardar CAC da dillalai ke nunawa shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Hukumar EFCC na da ofishin shiyya a Sakkwato, kuma ita ce ke iya neman kotu ta dakatar da asusu kafin a kwashe shi. Nan ne gaggawa take da muhimmanci, don kuɗin zamba ba ya kwana wuri ɗaya. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ta kuma bai wa kotu ikon umartar mai laifi ya mayar da abin da ya karɓa. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta ambaci irin wannan tsari da sunansa, da tarar aƙalla naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun.

Kada mu yaudari kanmu, ɗaure ɗan damfara ba shi ne dawowar kuɗi ba. Ana iya shigar da ƙarar neman haƙƙi a Babbar Kotu a yi nasara, amma hukunci a kan kamfanin da asusunsa ya bushe takarda ce kurum. Inshorar NDIC kuwa ta masu ajiya a bankuna masu lasisi ce, ba ta shafi irin waɗannan kamfanoni ba. Sau da yawa wani kaso ake samu, shi ma bayan dogon jira.

Akwai kuma batun abokin aikin da ya kawo tallar. Galibi shi ma ya zuba nasa. Tara masa jama'a a ƙofar gida ko sa 'yan sanda su tsare shi ba ya fito da sisi, sai dai ya raba zumunci. Ya fi amfani a matsayin mai shaida, shi ne ya san lambobin waya da asusun na sama da shi. In kuwa ya ci la'ada yana sane, kotu ce za ta tantance, kuma kotun shari'a tana sauraren da'awar cin amana.

Malami ɗaya daga Kamarawa ba zai iya ɗaukar lauya ba, ga kuɗin mota da hatsarin hanyar Sakkwato. Malamai talatin za su iya. Muna kira ga shugabannin reshe su buɗe rajista ta sirri a hannun sakatare, inda wanda abin ya shafa, ko matarsa ko ɗansa, zai kai kwafin takardunsa ba tare da an kira sunansa a taro ba. A haɗa ƙorafi ɗaya mai jerin sunaye, adadi da ranaku, a nemi uwar ƙungiya ta jiha ta taimaka da lauya, wakili ɗaya ya kai takardar ya dawo da kwafi mai hatimin karɓa. Muna son a sa wannan batu a jadawalin taron reshe na gaba.