Man Birki Ma Yana Tsufa

Yau ba zancen farashin kaya za mu yi ba, zancen birki ne, don ya kusa halaka ni.

Watan jiya na yi lodin masara daga Ngaundere zuwa Garwa, ni da babban ɗana. Duk mai bin hanyar nan ya san doguwar gangarar da ke kafin Mbe, wadda mutanen Kamaru ke kira falez. Muna tsakiyarta na taka birki, sai ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Sai da na famfa sau uku ya kama, na mayar da giya ta biyu, muka lallaɓa muna salati. Laifin kuwa nawa ne: shekara huɗu ban canza man birki ba, ƙari kawai nake yi.

Man birki yana shan danshi a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa tun wajen 155. A gangara da kaya, birki yana ɗaukar zafi sosai, man ya tafasa, tururi ya shiga layi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafarka har taya. Iska da tururi kuwa suna matsuwa, sai ka taka ka ji wayam. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2.

Da muka dawo gida, mu muka yi aikin a ƙofar gida. Ana bukatar sabon mai da ba a buɗe ba, irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, da sifana, yawanci lamba 8 ko 10, da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, da gorar roba. A ɗaga mota a tokare ta da abu mai ƙarfi. Kada a amince da jak shi kaɗai.

A yawancin motocinmu masu sitiyari a hagu, ana farawa da tayar baya ta dama, sai ta baya ta hagu, sai gaba dama, a ƙare da gaba hagu. Wasu motocin tsarinsu daban ne, a duba littafin mota. A bayan kowace taya akwai ɗan noti mai rami. A sa masa tiyo, ɗaya bakin a nutsa shi cikin ɗan mai a gora. Na cikin mota ya famfa sau uku ya riƙe, na ƙasa ya sassauta notin, tsohon mai da kumfa su fita, ya ɗaure, sannan a ɗage ƙafa. A maimaita har mai ya fito garau.

Nan ne yaron ya ba ni aiki. Ban ɗaure ba ya ɗage ƙafa, iska ta koma. Na ce, "Kai, wa ya ce ka saki?" Ya ce, "Baba, na ɗauka ka gama." Daga nan muka yi ƙa'ida: ba ya motsi sai ya ji "saki" daga bakina.

A riƙa leƙa tankin ana ƙarawa, don in ya ƙafe an koma farko. Kada a haɗa DOT 5 da DOT 3 ko 4, ba jinsinsu ɗaya ba. Man yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take. In kuma an gama birkin bai yi tauri ba, ko an ga yoyo, ko iska ta shiga na'urar ABS, to aikin ya wuce gida, sai makanike.

Kafin a yi lodi, a gwada motar a hankali cikin unguwa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu ga iyalanmu. Sai mako mai zuwa.