Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wani nauyi da aka ɗora mana ba tare da shawara ba, wanda ba ya cikin takardar ɗaukar aikin kowa. Lokaci ya yi da za mu mayar da shi ga masu shi.

A zangon karatun da ya wuce, wata malamar adabin Hausa a cikinmu ta so ta nuna wa ɗalibanta fim domin su kwatanta shi da littafin da suke nazari. Ta je laburaren makarantar, aka ce babu. Kaset-kaset da faya-fayan da ke kan kanta sun sha ƙura, na'urar kunna su ta daɗe da mutuwa. Sai ta sayi data da kuɗin cefanenta, ta shiga asusunta na wata manhajar kallo, ta jona wayarta da majigi, ɗalibai suka kalla. Da aka tashi, wani abokin aiki ya ja ta gefe ya ce: "Malama, kin san sharuɗɗan da kika amince da su ranar rajista sun hana wannan?" Ta biya daga aljihunta, ta yi aikin makaranta, kuma da magana za ta taso, sunanta ne a kan asusun.

Ga tushen matsalar. A da, idan laburare ya sayi littafi ko faifai, ya zama nasa, ya ba da aro, ya adana wa na baya. Yau fina-finai sun koma intanet, kuma abin da ake sayarwa izinin kallo ne na ɗan lokaci. Sharuɗɗan Netflix, alal misali, sun taƙaita kallo ga mai asusu da mutanen gidansa, in ban da wasu fina-finan gaskiya da kamfanin ya ba da izinin nunawa don ilimi. Aji kuwa ba gidan malam ba ne. Kamfanonin da ke sayar wa laburare lasisi, irin su Kanopy na Amurka, da dala suke ciniki, kuma lasisin yana da wa'adi. A 2019 manyan laburarorin jama'a uku na birnin New York suka daina hulɗa da Kanopy saboda tsada. Idan masu dala sun ja da baya, ina ga mu da nairarmu ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024?

Abin ya fi ciwo a kan namu na gida. Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar fim ta Kano ta tara taskar harshe da al'ada wadda ɗalibanmu ke rubuta kundaye a kanta kowace shekara. Kasuwar faya-fayai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, fina-finai sun koma YouTube da Northflix da Arewa24. Ɗalibi zai kafa hujja da wani fim bana, baɗi a sauke fim ɗin, mai duba kundin ya nema ya rasa. Mun ma taɓa ganin irin wannan asara. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an yi shekaru ana ɗaukar ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a Balin a 2018. Ya tsira ne saboda akwai ɗakin da aka ajiye shi. Wane ɗaki ne ke ajiye fina-finan yau?

Wasu za su ce mene ne abin wahala, ga masu tura fina-finai a waya a kowace kusurwa ta kasuwar Dutse da ta Shuwarin, da kuɗi kaɗan an gama. Ba mu yarda ba. Marubucin labari da mai ɗaukar hoto da mai tacewa ma'aikata ne kamarmu, wasunsu ma ta hannunmu suka bi. Mu da muke ɗaga murya idan aka taɓa albashinmu, da wane baki za mu ci gumin wani? Kuma wane darasi muke koyarwa idan muka hukunta ɗalibi a kan satar amsa da safe, da rana muka haska masa fim ɗin sata? Haƙƙi haƙƙi ne, ko na malam ko na ɗan fim.

Wasu kuma, musamman a ofisoshi, za su ce fim ai nishaɗi ne, a bar shi a koma ga littafi. Iyayenmu da suka taru a fili suna kallon majigi a kan noma da tsafta sun san gani ya kori ji. Mai koyon aikin jinya, da mai nazarin tarihi, da ɗalibin wasan kwaikwayo, kowannensu yana da abin da allo da alli ba za su iya nuna masa ba.

Doka ma ba ta rufe mana ƙofa ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba fim kariya ta shekara 50, amma ta keɓe sassauci ga koyarwa da bincike, ta kuma ba laburare damar yin kwafi don adanawa. Sai dai malamin aji ba lauya ba ne. Ba aikinsa ba ne ya tsaya ana saura minti goma darasi yana auna inda sassaucin ya tsaya da inda lasisi ya fara. Wannan aikin hukuma ne, kuma shirun da ake yi a kansa shi ne ke jefa membobinmu cikin hatsari.

Saboda haka muna neman abubuwa huɗu. Na farko, kowace babbar makaranta ta rubuta ƙa'idar nuna fim a aji, kuma ta ɗauki alhakin malamin da ya bi ƙa'idar. Na biyu, laburarorin Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, su haɗa kai su nemi lasisi ɗaya na gamayya, su zauna da ƙungiyar MOPPAN da kuma AVRS mai karɓar wa masu fim kuɗin haƙƙinsu, a yi ciniki da naira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, kowace yarjejeniya ta ƙunshi kwafi na dindindin da za a ajiye a kwamfutar laburare, a kalla ko babu intanet, kuma a ware masa kaso daga kuɗin bunƙasa laburare na TETFund. Na huɗu, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta fitar da bayani a sauƙaƙe, har da na Hausa, a kan abin da malami zai iya nunawa.

Mu kuma akwai namu aikin. Kowane memba ya rubuto sunayen fina-finan da yake bukata a darasinsa, da abin da ya kashe daga aljihunsa a kansu, ya miƙa wa sakataren reshe kafin taro mai zuwa. Da wannan jerin za mu shiga ofis, domin a ga bukatar a rubuce. Makarantar da ke son ɗalibanta su kalla, ita ce za ta biya, ita ce kuma za ta sa hannu.