Kalmar sirri ana canza ta, ƙwayar halitta ba a canzawa

Ina goyon bayan gwajin ƙwayar halitta kafin aure. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila, kuma lissafin sabo yake komawa a kowace haihuwa. Shi ya sa a ganina dokar Kano ta 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ta yi daidai.

Damuwata a matsayina na mai rubuta manhaja ita ce inda sakamakon yake ƙarewa. Mutum ya karɓi takardarsa, ya ɗauke ta hoto, ya tura wa budurwa ta WhatsApp, ita ta tura wa yayarta, kafin magariba hoton yana wayoyi biyar. Wasu kuma suna loda irin wannan takarda a manhajojin lafiya na kyauta ba tare da sanin wa ke riƙe da bayanan ba.

Ku dubi abin da ya faru da 23andMe, kamfanin Amurka da ake aika wa yawu ya binciko asalin mutum. A 2023 masu kutse suka yi amfani da tsofaffin kalmomin sirri da aka sato daga wasu shafuka, suka shiga asusu kusan 14,000. Da yake manhajar tana haɗa mutum da danginsa, ta nan suka kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9. A Maris 2025 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari, aka shiga cinikinsa, bayanan jama'a suna ciki.

Idan aka sace katin ATM, banki zai ba ka sabo. Ƙwayar halittarka da ita za ka mutu, kuma rabinta za ka ba ɗanka. Sakacinka zai iya tona asirin ƙanwarka da ba ta taɓa yin gwaji ba.

Ka je ka yi gwajin, amma ka tambayi ɗakin gwajin wa ke ganin sakamakon da tsawon lokacin da suke ajiye shi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar neman a goge bayananka. Ka nuna takardar hannu da hannu, ka kunna tabbaci mai mataki biyu a wayarka, kuma kada ka maimaita kalmar sirri ɗaya a shafuka biyu.